Monitar Ɗakin Sikanin

Ƙarfe takwas da rabi na safiyar Litinin Hajiya Safiyatu ta shigo ofishin 'yan sanda na Bungudu. Ba ta tsaya a kantar karɓar ƙorafi ba. Kofur ɗin da ke bakin aiki ya bi ta yana "Hajiya, dakata," amma tuni ta tura ƙofar Sufeto Attahiru Wanke.

Babu wanda bai san ta ba a garin. Shekara talatin da biyu ta yi tana karɓar haihuwa a asibitin gwamnati, da ta yi ritaya sai ta buɗe nata ɗan ƙarami mai gado shida a bayan kasuwa. Wata takwas da suka wuce ta sayo na'urar sikanin, wadda ake duba cikin mai juna biyu da ita. Tun daga lokacin mata ke zuwa mata daga Nahuce da ƙauyukan da ke kewaye.

"Sufeto, ɓarna aka yi mini," ta ce, "kuma ɓarnar ta ci rai."

Sufeto ya ajiye biron da ke hannunsa. "Zauna, Hajiya. Ran wa?"

Ba ta zauna ba, a tsaye ta ba da labarin. Kwana goma ta yi a Kaduna wajen 'yarta da ta haihu, ran Asabar ta dawo. Jiya Lahadi bayan azahar aka kawo wata mata daga Nahuce mai suna Asiya, cikinta wata takwas, jini na zuba. Mai yin sikanin ba ya zuwa ran Lahadi, saboda haka ita da kanta ta shiga ta kunna na'urar.

"Monitar ta kawo wani kore-kore kamar ruwan kududdufi. Kafin in ɗora mata abin a ciki, ta yi duhu. Na kashe na kunna, na kashe na kunna. Minti ashirin na ɓata, Sufeto. Daga ƙarshe na sa ta a mota zuwa Gusau. An yi mata aiki, ita ta tsira. Yaron bai zo da rai ba."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Wa kike zargi?"

"Emmanuel, mai gyaran kwamfuta na Gusau. Shi ya haɗa mana na'urar tun farko, shi ne kuma ya zo ya duba ta ran Litinin ɗin da ta wuce ba na nan. Bashiru ya ce tun da ya taɓa ta ba ta sake yin daidai ba."

"Wane ne Bashiru?"

"Mai yin sikanin ɗin. Ni na tura shi ya koyo aikin."

Sufeto ya kira Saje Gloria Nuhu, ya ce ta tafi Gusau ta taho da mai gyaran. Shi kuma ya ɗauki hularsa ya bi Hajiya.

Ɗakin sikanin ƙuntatacce ne. Gado ɗaya, labule, sai tebur mai ɗauke da kwamfuta da wata baƙar monita. Bashiru na tsaye a bakin ƙofa cikin farar riga gogaggiya, shekarunsa ba za su wuce talatin da biyu ba.

"Yaushe ta fara?" Sufeto ya tambaye shi.

"Talata da safe, yallaɓai. Ina kunnawa na ga haka."

"Sai ka yi yaya?"

"Na rufe ɗakin. Duk wadda ta zo in ce ta bari sai Hajiya ta dawo." Ya miƙo littafin da ake rubuta sunayen masu zuwa awo. Suna na ƙarshe na ran Litinin ne.

"Me ya hana ka buga wa Hajiya waya?"

"Tana wajen jego, ban so in tayar mata da hankali ba."

"To shi mai gyaran fa? Tunda shi ya taɓa, ai shi za ka kira."

"Na kira. Lambarsa ba ta shiga."

Sufeto ya danna maɓalli. Fuskar monitar ta yi kore, ta ɗan yi rawa, ta dushe. Ya bubbuga gefenta da tafin hannu kamar yadda yake yi wa rediyonsa. Ba ta ko motsa ba. Ya ja tsaki, ya juya ta. A bayanta akwai 'yar farar takarda mai lambar kamfani. Ya gwada lambar da wadda ke jikin takardar garanti da Hajiya ta kawo, duk ɗaya. Sai dai kusurwar takardar ta ɗan ɗago, kuma da ya shafa sai ya ji busasshen gam a yatsansa.

A bakin get ya tsaya wajen maigadi, wani dattijo mai suna Jatau.

"Baba, wa ya fita da kaya daga nan makon jiya?"

"Ɗan Gusau ɗin nan, ranka shi daɗe. Da kwali yaf fita, ya aza bisa mashin nai."

"Shi kaɗai?"

"Shi ɗai. Sai ko Malam Bashiru da yak kai zannuwan gado wanki cikin buhu."

Sufeto ya rubuta "kwali", ya ja masa layi biyu.

Lokacin da ya koma ofis, mutanen Nahuce wajen goma sha biyar sun taru a gindin bedi. Labari ya riga ya kai musu cewa wani mai gyara ne ya sace kayan na'ura har ɗan Asiya ya rasu. Da Saje Gloria ta iso da Emmanuel, sai da aka shigar da shi ta ƙofar baya.

Siriri ne, da tabarau, haifaffen Gusau. Hausa a bakinsa kamar ta kowa.

"Me ka yi wa na'urar Hajiya?" Sufeto ya tambaya.

"Na share ƙura, na sake man fanka, na gwada komai. Lafiya lau na bar ta, yallaɓai."

"Bashiru ya ce ya neme ka a waya."

"Ga wayata, a duba."

"Me ka fita da shi daga asibitin?"

"Ba komai. Jakar kayan aikina kawai."

Saje Gloria ta sunkuya ta ɗago wani kwali ta dire a kan tebur. "Wannan fa? A ƙarƙashin bencinka na same shi."

Emmanuel ya sunkuyar da kai. A cikin kwalin akwai tsofaffin batura biyu na akwatin da ke riƙe wa kwamfuta wuta idan an ɗauke.

"Na sa musu sababbi, na tafi da waɗannan ban tambayi kowa ba. Da na ga mutanen nan a waje sai tsoro ya kama ni."

"Ka yi mini ƙarya sau ɗaya," in ji Sufeto, muryarsa ta fara tashi. "Don me zan yarda da sauran?"

"Kada ka yarda da ni, yallaɓai. Ka kai ni gaban monitar. In ni na lalata ta, za ka gani da idonka."

Bayan la'asar, da mutanen suka tafi salla, aka fita da shi a motar 'yan sanda. Suna shiga ɗakin sikanin aka ɗauke wuta. Aka tashi janareto, ya mutu, aka sake. Sufeto ya duba agogo sau uku kafin fanka ta fara juyawa. Bashiru ya riga ya tashi daga aiki, Hajiya kuwa ta tsaya a bakin ƙofa ta harɗe hannuwa, ko kallon Emmanuel ba ta yi.

Aka cire masa ankwa. Ya kunna, koren ya fito, ya dushe.

"To, ka gani," in ji Sufeto. "Me ya lalace?"

"Ban sani ba tukuna. Ɗaya bayan ɗaya ake bi." Ya nuna ɗan ƙaramin hasken da ke ƙasan monitar. "Wannan in ya yi ruwan lemo, saƙo ba ya zuwa daga kwamfuta. In ya tsaya shuɗi kamar haka, saƙo na zuwa. Ke nan kwamfutar tana aiko hoto. Saje, taimaka mini da jakata."

Ya zaro wani kebul, ya kashe komai, ya kwance wanda ke haɗe da monitar. Ya leƙa kansa, ya miƙa wa Sufeto.

"Ka ga 'yan ƙafafun nan? Ɗaya ta lanƙwashe. Ita ke kai launin ja. In babu ja, komai sai ya koma kore-kore."

Ya ɗaura nasa, ya kunna. Koren ya tafi, hoto ya fito da launinsa. Sufeto ya fara sakin fuska. Bai kai ga yin magana ba fuskar monitar ta sake dushewa.

"Kai!" Ya bugi tebur. "Awa guda muna nan, mun koma inda muka fara."

"Matsala biyu ce, yallaɓai, mun cire ɗaya. Kuma wannan kebul ba nawa ba ne. Wanda na sa sabo ne, kansa baƙi. Wannan shuɗi ne, ya tsufa. Akwai tocila?"

Saje Gloria ta kunna ta wayarta. Ya sa aka ja labulen taga, ya kanga hasken a jikin gilashin ta gefe.

"Matso kusa."

Sufeto ya matso. Can ciki, dishi-dishi, ga hoton nan da rubuce-rubucensa.

"Hoton yana nan," in ji Emmanuel. "Fitilar da ke haska shi daga baya ce ta gaji. Tana kamawa minti ɗaya, in ta yi zafi ta mutu. Monitar wata takwas ba ta yin haka."

"Ko wuta ce ta buge ta?"

"In wuta ce, da ba za ta kama ba sam. Bari in tambaye ta shekarunta."

Ya kashe, ya jira ta huce, ya danne maɓallai biyu tare ya kunna. Wani ɗan akwatin rubutu ya fito a kusurwa. Ya sa yatsa a kan wata lamba kafin hasken ya tafi.

"Awa dubu ashirin da ɗaya da ɗari uku. Adadin awoyin da ta yi a kunne ke nan."

Saje Gloria ta yi lissafi a wayarta. "Ya fi shekara biyu, dare da rana, ba a kashe ba."

Hajiya ta saki hannuwanta. "Tawa kwana huɗu take aiki a mako."

"Wannan ba taki ba ce, Hajiya. Kamfani ɗaya ne, girma ɗaya, irinsu sun cika kasuwa. Takardar lambar kawai aka ɓamɓaro daga taki aka manna a nan."

"Ai kai ma za ka iya yin haka," in ji Sufeto. "Shagonka cike yake da tsofaffinsu."

Emmanuel ya cire tabarau ya goge da gefen riga. Can ya ce, "Monitar da ba a kashewa, abu ɗaya take nunawa kullum. Wani lokaci abin yakan kama jikin gilashin. A ba ni minti biyar ta sake hucewa."

Sufeto ya fita ya sha iska, ya dawo. Emmanuel ya kunna, ya yi sauri ya mayar da fuskar duka launin toka, ya ƙure haske. Layi biyu suka bayyana kamar inuwa, sun raba fuskar gida huɗu. A kusurwar kowane gida akwai alamar haruffa.

"Ta kyamarar tsaro ce," ya ce. "Saje, karanta da sauri."

Ta ƙanƙance ido. "KOFA. SITO. Wannan na ƙasa... KHALID TSAFE."

Hasken ya mutu.

Sufeto ya juya ga Hajiya. "Kina da wani a Tsafe?"

"Ba ni da kowa. Amma matar Bashiru 'yar can ce. Juma'a da Asabar can yake yi."

"Kada ki faɗa masa komai. Ya zo aiki gobe kamar kullum."

Washegari Sufeto da Saje Gloria suka yi sammako, don hanyar Tsafe ba a son yamma ta riski mutum a kanta. Da suka iso Gusau Sufeto ya ce a tsaya asibitin da Asiya ke kwance. Saje Gloria ta shiga ɗakin mata, shi kuma ya sami mijin, Abubakar Sadiƙ, zaune a kan tabarma a baranda da kwanon abincin da ba a buɗe ba. Manomi ne, tafin hannunsa duk kanta.

Sufeto ya yi masa gaisuwa, ya zauna a gefensa.

"Likita ya faɗa maka abin da ya faru?"

"Ya ce mabiyiya ce tat tare hanya. Ya ce da an gani da wuri, da an kwantar da ita nan an yi aiki kahin jinin ya ɓalle." Ya girgiza kai. "Ni abin da ban gane ba, ranka shi daɗe, ai mun yi hoton. Anka ce muna lahiya lau."

"Yaushe?"

"Ran Alhamis. Ta ga ɗan jini-jini, nid ɗauko ta bisa mashin."

"Wace Alhamis?"

"Wagga da taw wuce."

Ya laluba aljihu ya zaro takarda a ninke huɗu. Takardar asibitin Hajiya ce. An rubuta cewa jariri na kwance daidai, mabiyiya na sama, babu matsala. Ga kwanan watan Alhamis, ga sa hannun Bashiru.

Sufeto ya karanta sau biyu. "Ka shiga ɗakin tare da ita?"

"A'a. Amma ta ce mani telabijin ɗin baƙi yake, ta tambaya, yac ce shi yana gani, idonta ne bai saba ba."

Sufeto ya riƙe takardar, ya miƙe. Suka wuce shingayen sojoji biyu kafin su isa Tsafe.

Shagon Alhaji Khalid na kayan masarufi ne, a bakin titi kusa da tasha. A saman kanta akwai sabuwar monita da aka raba gida huɗu, tana nuna ƙofa da sito.

"Alhaji, ina tsohuwar?" Sufeto ya tambaya bayan sun gaisa.

"Wace tsohuwa? Wannan ita ce tun farko."

"Ledar kamfani ma ba ka cire mata ba."

Alhaji ya kalli monitar, ya gyara zaman hularsa. "Ta lalace, na zubar."

"A ina?"

"Sufeto, ni ɗan kasuwa ne, ba na son shiga maganar hukuma."

"Ka riga ka shiga. Sunanka na jikin gilashinta, kuma ta yi sanadin rai a Bungudu. Ko ka faɗa mini a nan, ko ka faɗa a can."

"Likita na bai wa."

"Wane likita?"

"Wanda ya kama ɗakin baya. Dakta Bashir. Juma'a da Asabar yake zuwa, yana yi wa mata hoton ciki. Ya ce ta fara dushewa amma zai gyara."

"Ka taɓa ganin takardarsa ta likita?"

"Yana sa farar riga."

Saje Gloria ta kau da kai. Alhaji ya ɗauko makulli ya kai su. A ɗakin akwai gado da labule, da tsohuwar kwamfuta, da kan na'urar sikanin na hannu da aka naɗe wayarsa da salatif. A kan tebur ga baƙar monita da kebul mai baƙin kai. Sufeto ya juya ta. Inda takardar lamba ya kamata ta kasance, sai tabon gam mai kusurwa huɗu. A ƙarƙashin gado Saje Gloria ta jawo buhu da zannuwa biyu masu tambarin asibitin Hajiya.

Ƙarfe uku suka iso Bungudu. Aka jera monitocin biyu a kan teburin Sufeto, aka fito da Emmanuel daga bayan kanta, aka aika aka kira Hajiya da Bashiru. Da Bashiru ya shigo ya ga teburin, sai ya tsaya cak.

"Zauna," in ji Sufeto. "Ka san wannan?"

"Ta asibiti ce, wadda ta lalace."

"Ɗayar fa?"

"Ban san ta ba."

Emmanuel ya haɗa ta da kwamfutar ofis. Hoto ya fito tar. Ya danne maɓallan nan biyu. "Awa ɗari takwas da sittin."

"A ɗakin da ka kama a Tsafe muka same ta," in ji Sufeto. "Tare da buhun wankinka."

Hajiya ta dube shi. "Wane wanki? A cikin asibiti ake mana wanki, Bashiru."

"Aro na yi," ya ce da sauri. "Wallahi aro ne, Hajiya. Tawa ta can tana dushewa, mata kuma sun yi yawa. Na ce in kin dawo za a ce ta lalace ne, ki sayi wata, ni kuma..."

"Wanda ya yi aro ba ya ɓamɓare lamba," in ji Sufeto. "Ba kuma ya nuna wani ya ce shi ne. Mutum goma sha biyar suka zo nan jiya suna neman wannan bawan Allah."

Bashiru bai kalli Emmanuel ba.

"Ka ce tun Talata ka rufe ɗakin."

"Haka ne."

Sufeto ya warware takardar Abubakar Sadiƙ ya shimfiɗa a gabansa. "Hannun wa ne wannan?"

Gumi ya tsattsafo a goshin Bashiru.

"Ran Alhamis Asiya ta zo tana ganin jini. Da ka ɗora mata na'ura a ciki, me ka gani?"

"Da farko tana ɗan nunawa. Na ga kan yaron, na ji bugun zuciya..."

"Mabiyiya fa? Ka rubuta tana sama. Ka gan ta?"

"Kafin in kai wurin ta yi duhu."

"Sai ka rubuta me?"

"Yawanci a sama take, yallaɓai. Cikin mata goma, tara..."

"Ta ce maka tana ganin jini!" Hajiya ce ta faɗa. "Abu na farko da na koya maka ke nan. Da ka ce musu na'ura ta lalace su wuce Gusau, da yanzu tana rungume da ɗanta."

"Da na faɗa, da labari ya kai gare ki kafin in shirya."

Sufeto ya jingina da kujera, ya rufe ido na ɗan lokaci. Da ya buɗe sai ya ce, "Asiya kaɗai ka yi wa?"

Bashiru ya sunkuyar da kai.

"Daga Talata zuwa Alhamis, mata nawa ka duba da wannan matacciyar monitar?"

"Goma sha ɗaya."

"Me ka rubuta musu?"

"Lafiya lau. Dukkansu."

Hajiya ta dafe bango. Saje Gloria ta tura mata kujera, a karon farko tun jiya ta zauna.

"Ba ka sa su a littafi ba," in ji Sufeto. Ya tura masa takarda da biro. "Saura goma. Rubuta sunayensu da garuruwansu, yanzu."

Bashiru ya fara rubutu. Biyu daga Nahuce, ɗaya daga cikin gari, ɗaya matar wani direba. Ya tsaya, ya ƙara biyu. Ya ciji biro, ya ƙara ɗaya. Daga nan hannunsa bai sake motsi ba.

"Bakwai ke nan. Ina ukun?"

"Ban riƙe ba. Ɗaya dai doguwa ce, ta zo da uwar mijinta. Ina jin daga wajen gulbi suke."

"Wane ƙauye?"

"Ban tambaya ba."

Sufeto ya fizge takardar. Ya yi wa kofur alama. Aka sa wa Bashiru ankwa a kan farar rigarsa, aka tasa shi zuwa sel.

Hajiya ta juya ga Emmanuel. "Ɗana, na zalunce ka."

"Ya wuce, Mama." Ya tattara kebul ɗinsa yana naɗewa. "Waɗannan biyun ba za a sake su ba sai an je kotu. Akwai wata a shagona, zan kawo da safe in haɗa miki, ki sake duba matan."

Sufeto ya miƙa wa Hajiya sunaye bakwai ɗin. Ya ce wa Saje Gloria ta je wajen masu unguwanni da limamai, a yi shela a masallatai da kasuwa cewa duk matar da aka yi wa sikanin makon jiya ta dawo, kada ta jira naƙuda. Sannan ya ɗauki makullin mota.

"Ina za ka, yallaɓai? La'asar ta yi."

"Wajen gulbi," ya ce. "Ƙauye shida ne a can. Zan fara da na kusa, in tambayi doguwar mace mai ciki."